Askar Mijin Yayata

Ni ban taɓa ƙaunar mijin yayata ba, gara in faɗa tun yanzu kada wani ya zo daga baya ya ce na ɓoye. Shi ma bai taɓa ƙaunata ba. Shagonsa na aski yana kallon shagona na ɗinki, titi ne kawai a tsakaninmu, kuma a haka muka tsufa, kowa yana hango ɗan'uwansa ta ƙofa yana taɓe baki.

Santsi ake ce masa. Baƙi suna ɗauka don yadda yake barin fuskar mutum ne, shi ma haka yake so a ɗauka. Amma mu da muka san shi tun yana saurayi mun san daga inda sunan ya fito. Allah bai ba shi gashi a fuska ba, ko na rantsuwa. Mutum ya ƙare rayuwarsa a kan gemun mutane, shi kuwa haɓarsa fes kamar ta jariri. In kana so ka ga ɓacin ransa, ka tambaye shi wa yake yi masa nasa askin.

Aiki dai ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba, ga ni nan ina faɗa. Shagon ɗan ƙarami ne: kujerar ƙarfe guda ɗaya da fatarta ta tsattsage, madubi mai baƙin tabo a gefe, benci na masu jira, buta a kan ƙaramin risho, da wata doguwar fata rataye a ƙusa wadda yake goga aska a kai. Askarsa uku, a naɗe cikin farin ƙyalle. Yakan fara da ɗora maka tawul mai zafi har sai gashin ya yi laushi, ya kaɗa kumfa a kofi, ya shafa, sannan ya ja fatar kumatunka da yatsu biyu ya bi ta da aska sau ɗaya. Ba ya komawa inda ya wuce. In ka tashi ka shafa fuskarka sai ka rantse gashi bai taɓa fitowa a wurin ba.

Matsalar ita ce bakinsa. Ba ya magana sai askar ta sauka a maƙogwaronka. A nan zai tuna maka duk abin da ka yi da wanda ubanka ya yi, ya gaya maka matarka ta fi ka hankali, ɗanka kuma bai yi kama da kai ba. Kai kuwa kana kwance, kanka a baya, ko miyau kana tsoron haɗiyewa, balle ka mayar da martani. Manya da ƙanana haka suka riƙa shan wannan wulaƙanci suna dawowa, saboda babu mai hannunsa a duk yankin. Ni sau ɗaya na zauna masa, a makon da na buɗe shago. Da ƙarfen ya zo wuyana sai ya ce danginmu kaf ba a taɓa samun mai amfani ba, yayata ma taimaka mata ya yi da ya ɗauke ta. Daga ranar na bar gemu. Yanzu ya kai ƙirjina, ya yi fari, yana shiga cikin zaren keke in na sunkuya, amma ban sake ba shi wuyana ba.

A gida abin ya fi haka. Bai taɓa ɗaga hannu a kan Yaya ba, yana ma alfahari da hakan, amma da dukan ne da ta fi samun sauƙi. Ita ke tafasa masa askokin kowace safiya, ta wanke tawul, ta goge, ta naɗe. Shi kuma da yamma yakan zauna ya wasa su a dutse. Da safe kafin ya fita sai ya gwada kaifinsu, kuma ga yadda yake gwadawa: ya miƙa hannu ya tsige gashi ɗaya daga kanta, ba sallama ba neman izini, ko tana tsakiyar cin abinci, ya ɗora shi a bakin askar. In gashin ya rabu biyu, aska ta yi. In bai rabu ba, laifin gashinta ne ko laifin tafasawarta. Ta yi shekaru yana yi mata haka, har wani gefe na goshinta ya yi fili. In yana gida kuwa, sai ya bi ta ɗaki ɗaki, ya buɗe tukunya ya ce gishiri ya yi yawa tun bai ɗanɗana ba, ya shafa yatsa a taga ya nuna mata ƙura, ya gyara mata yadda ake riƙe tsintsiya. 'Ya'yansu biyu maza, Babba da Ƙarami, kowanne da ya samu abin yi sai ya tattara ya bar gidan, ba su ko waiwaya ba.

Ana nan sai rezar nan mai mariƙin roba ta shigo, wadda ake aski da ita a yar. Mai kanti na kusa da ni shi ya fara rataya su a ƙofa, jere, shuɗaye da rawaya. Santsi ya tsallako titi takanas ya tsaya ya kalle su, ya ce wannan ai abin kankare ƙasan tukunya ne, kuma duk namijin da ya sa shi a fuska to ya raina fuskar. Ya ce ba yanke gashi take yi ba, tsige shi take yi, shi ya sa samarin yanzu duk wuyansu ƙuraje. Ya ce aska ɗaya takan yi wa mutum da ɗansa da jikansa, wannan kuwa kafin ka gama kumatu ɗaya ta mutu. Ya kira mai kanti ɗan kashe sana'a a gaban masu sayayya. Mai kanti mutum ne mai murmushi da yawa da riƙo da yawa, ya ci gaba da cinikinsa.

Maganar ƙurajen gaskiya ce, ban musa ba. Amma mutane ma suna da tasu hujjar. Wani ya ce shi ba zai sake yarda a sa masa ƙarfen da aka sa wa wuyan mutum goma ba, ga cututtuka sun yi yawa. Wani ya ce da reza yana gamawa kafin ruwan wankansa ya huce. Wani kuma ya faɗi wadda ta fi duka, ya ce reza ba ta zagin ubansa. A hankali benci ya fara yin fili. Samari suka daina zuwa gaba ɗaya, sai tsofaffin da suka saba, su kuma mutuwa tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Santsi bai sassauta ba. Raguwar masu zuwa sai ta ƙara wa waɗanda suka rage kaso, kowa yana shan zagin mutum uku.

Sai ciwon suga ya kama shi. Ya fara da idanu, ya koma yana ganin mutane kamar inuwa. Kunne ya biyo baya. Na ƙarshe kuma mafi muni, yatsunsa suka mutu, har yakan riƙe butar da ke tafasa bai ji ba sai an yi masa magana. Ga rawar hannu. Duk mun gani, shi kaɗai ne bai yarda ba, ya ce shi ko a makance ya san hanyar kowace fuska a unguwar. Wata rana da hantsi wani direba, tsohon mai zuwa wurinsa, ya zauna. Santsi ya zame daga ƙasan kunne ya tsaga shi har kusa da haɓa. Jini yana bin tawul yana ɗiga a ƙasa, mutumin yana gurnani, shi kuwa Santsi yana ta ba shi labarin yadda ƙanensa ya fi shi iya tuƙi. Sai da mai gyaran rediyo, maƙwabcin shagonsa, ya yi tsalle ya riƙe masa hannu. An yi wa direba ɗinki a asibiti, kuma ni da na ga ɗinkin na ce da ni aka kawo wa da ya fi kyau.

'Ya'yansa suka zo a fusace suka karɓe makulli. Santsi ya ce direban ne ya motsa. Ya ce ran da mutum ya tashi daga kujerarsa da gashi a fuska, da hannunsa zai rufe shagon, amma kafin nan babu ɗan da ya haifa da zai zaunar da shi. Ba su saurare shi ba, suka tafi da makullinsu. Santsi ya koma gida ya zauna, daga safe har dare, shi da Yaya. Ban san abin da ya faru a cikin gidan nan ba, na dai ga yayata bayan 'yan makonni ta rame, idanunta sun faɗa, tana magana tana waige.

Kwatsam sai ga makulli ya dawo. Yaya ce ta je ta sami 'ya'yan nata, ta yi ta roƙo har suka gaji. Rannan da yamma ta shigo shagona ta zauna a kan tulin yadi, ta gaya mini dabarar da ta yi. Da safe in ta gama tafasa askokin, sai ta ɗauki kowacce ta yi ta goga bakinta a bakin kwalba har ta dakushe, ko tumatir ba za ta yanka ba. Shi ya wasa da yamma, ita ta kashe da safe. In ya tsigi gashinta ya ɗora, tunda ba ya gani sai ya tambaye ta ko ya rabu, ita kuma ta ce ya rabu. Abin da take nema a wurina shi ne in yi wa mazan layin magana: duk mai son taimakawa ya aske fuskarsa a gida da reza, tas, sannan ya zo ya zauna a yi masa na wasa. Na tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta a kan mutumin da ya cinye mata ƙuruciya. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Kada baƙin ciki ya kashe shi.”

Maganar ta zaga layi kafin gari ya waye. Kowa yana cewa kai, wannan mata 'yar aljanna ce. Matan unguwa suka riƙa ba da misali da ita, maza kuma suna goranta wa nasu matan. Ni haushi ma ya kama ni, na ce wannan haƙuri ya wuce haƙuri ya zama ciwo. Amma na yi abin da ta ce, don ita ce ta goya ni.

Da farko taimako ne tsakani da Allah. Mai gyaran rediyo ya fara zama, sai mai wanki, sai wasu tsofaffi biyu. Santsi ya ɗora tawul, ya shafa kumfa, ya kwashe ta da dakusasshen ƙarfe, ya zagi wanda zai zaga, sannan ya kama hannun mutum ya ɗora masa a kumatu ya ce ya shafa ya ji. Mutum ya shafa ya ce ai babu kamar hannun Baba. In baƙo ya nufo shagon, sai mai gyaran rediyo ya tare shi a ƙofa ya ce layi ya yi yawa, ya tura shi gaba. Santsi ya murmure, har ƙiba ya yi. Yaya ma fuskarta ta ciko.

To amma mutanen layinmu ba su iya riƙe alheri ya daɗe a hannunsu ba. Ba a jima ba wani ya gano cewa abin akwai daɗin kallo. Sai a bari kumfa ta rufe fuskar mutum, wani daga benci ya ɗaga murya, don sai an ɗaga yake ji, ya ce wai Baba an ce reza ta fi aska yanzu. Shi ke nan an kunna shi. Ya tsaya da aska a sama ya yi ta bayani, yana nuna kumatun da reza ta aske da asuba yana cewa a kawo masa rezar da za ta yi wannan. Ya ce shi ko a cikin duhu aka sa shi ya taɓa fuska zai gane wadda roba ta lalata. Benci ya cika maƙil, wasu a tsaye a ƙofa, kowa ya toshe baki da hula, kafaɗu suna rawa. Akwai wanda ya zauna sau uku a yini ɗaya, yana canza murya, kuma duk ukun aka gaya masa gemunsa ya yi kauri. Har direban nan aka lallaɓo ya dawo da tabonsa, aka gaya wa Santsi wani ne daban, ya yi ta ba shi labarin wani sakaran direba da bai iya zama a kujera ba. Ni daga kan kekena nake kallo, kuma na yi dariya har allura ta soke ni. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe wuyan mutane yana cin mutuncinsu, yau ga shi yana kwasar kumfa yana wa'azi.

Mai kanti ya fi kowa morewa. Cinikin rezarsa ya ƙaru, tunda duk mai son shiga wasan sai ya bi ta wurinsa. Shi ma yakan zauna a kujerar, ya lumshe ido, Santsi yana ce masa ga shi nan ya dawo hanya, da ma ya san ko mai sayar da guba ba ya sha. Mai kanti ya yi murmushi ya ce gaskiyar Baba ne.

Kowane wasa yana tsufa. Bayan wasu watanni dariyar ta ragu, an haddace duk abin da zai faɗa, har yara suna kwaikwayonsa a titi. Benci ya fara komawa yadda yake. A lokacin ne wani baƙo ya tsaya a kanti, ƙato, da jaka a kafaɗa, ya sha doguwar tafiya, ƙasumba ta cika masa fuska baƙi ƙirin. Ya ce a ba shi reza, yana da wanda zai gani da rana kuma ba ya so ya je a haka. Ina jin su, don bango ɗaya ne tsakaninmu. Mai kanti ya ɗauko rezar, ya juya ta a hannu, sai ya mayar. Ya ce masa ina shi ina wahalar da kansa, ga gwanin aska can a tsallaken titi, irinsu sun ƙare a duniya. Ya raka shi da kansa har ƙofa. Mai gyaran rediyo ya taso zai tare, mai kanti ya ƙifta masa ido, sai ya koma ya zauna. Kafin a gama ɗora tawul labari ya kai ƙarshen layi, shagon ya cika. Ni ma na ajiye rigar da nake ɗinki na tsallaka.

Santsi ya ji taro, sai ya ƙara ƙwazo. Ya kaɗa kumfa, ya shafa, ya goga aska a fata da salo, ya ja kumatu ya bi. Kumfar tana tafiya, gashin yana nan tsaye inda yake. Baƙon yana kallon madubi yana ƙifta ido, ya ɗauka ko wani shiri ne ake yi kafin ainihin askin. Da aka zo maƙogwaro Santsi ya gaya masa daga warin jikinsa ya san ba ya wanka sosai. Ya gama, ya goge masa fuska, ya kama hannunsa ya ɗora a kumatu ya ce ya shafa ya ji.

“Baba, ai ba ka aske komai ba,” in ji baƙon.

Sai da ya maimaita da ƙarfi sannan Santsi ya ji. Ya ce yaran yanzu ba su da kunya, ya kai yatsunsa ya shafa fuskar ya ce ga ta nan sumul. Baƙon ba mugu ba ne, ya dai rasa gane abin da ke faruwa. Da ya lura yatsun tsohon ba sa ji, sai ya kama hannunsa ya juya, ya goga cikin damtsen tsohon, inda fata take da rai, a tasa haɓar. Na ga lokacin da gashin ya soke shi. Ya janye hannu da sauri, ya tsaya.

Santsi ya juya wajen teburin kayan aikinsa. Ya lalubo aska ta biyu, ya sake shafa kumfa, ya danna da ƙarfi. Ya ɗauko ta uku ya danna fiye da haka, yana kankara, har fatar mutumin ta yi ja ya fara cewa a yi masa a hankali. A nan ne wani a ƙofa ya kasa riƙewa ya fashe, sai duk shagon ya ɗauka. Wannan karon babu mai toshe baki. Mutane suna dukan cinya, wani ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, hawaye yana zubo masa. Ko kurma ya ji wannan dariyar. Santsi ya juya yana kallon inuwoyinmu. Sannan ya ɗaga askar ya ɗora bakinta a leɓensa na ƙasa, ya ja ta daga wannan gefe zuwa wancan. Ko ja wurin bai yi ba.

Mai gyaran rediyo, wanda da ma da ƙyar ya riƙe maganar tsawon watannin nan, shi ya matsa kusa da kunnensa ya zayyana masa komai, da ƙarfi, yana yi yana share hawayen dariya. Ya gaya masa kwalbar, ya gaya masa askin asuba, ya gaya masa wanda ya zauna sau uku, ya gaya masa direba. Santsi ya tambaya tun yaushe. Aka ce tun ranar da makulli ya dawo.

Baƙon ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya yunƙura zai tashi. Santsi ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi. Ya ce tunda ya fara sana'a ba a taɓa tashi daga kujerar nan da rabin aiki ba. Ya tsaya yana lalube a kan teburin, ko me yake nema oho, don babu sauran abin da zai ɗauka. Sai mai kanti ya sa hannu a aljihu ya fito da reza shuɗiya, da ma da ita ya zo, ya ɗora masa a tafin hannu. Santsi ya yi ta juya ta bai san yadda ake cire murfin ba. Mai kanti ya karɓa ya cire masa, ya gyara masa riƙon, ya ce a hankali ake ja, Baba, ba a dannawa.

Ya yi askin. Hannu yana rawa, ido ba ya gani, yatsu ba sa ji, yana komawa wuri ɗaya sau huɗu sau biyar, abin da bai taɓa yi ba. Bai ce uffan ba ko da ya zo maƙogwaro. Gashi ya riƙa zuba a tawul, kuma ko ɗigon jini bai fito ba. Da aka gama baƙon ya shafa fuskarsa, ya duba madubi, ya saki ajiyar zuciya. Da zuciya ɗaya ya yi maganar, don ya faranta wa tsoho rai.

“Ka ga wannan ta yi kyau, Baba. Ai da da ita ka fara tun farko.”

Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Taron ya watse a hankali, kowa yana maimaita wa ɗan'uwansa abin da duk suka gani tare. Santsi ya kashe risho, ya fito, ya ja ƙofa. Ya daɗe yana neman ramin kwaɗon da makulli bai samu ba, har na gaji na karɓa na kulle. Na ce zan raka shi gida. Ba don shi ba, tsoro nake ji kada ya huce a kan yayata.

Muna tafe yana riƙe da gefen rigata, karo na farko da ya taɓa ni tun ranar da na zauna masa. Na shirya jin zagi, amma shiru. Sai da muka kusa gida ya fara magana, a hankali, kamar da kansa yake yi. Ya ce kowace safiya ke nan sai ta tashi ta yi wannan aikin. Ya ce ta je ta roƙi yara, ta roƙi mutanen layi, duk don kada ya zauna ya lalace. Ya ce shi bai taɓa sanin tana tausayinsa haka ba. Ya ce, “Tela, ashe yayarka tana sona.” Na kalle shi, tsoho, ba sana'a, ba mutunci, gari ya gama yi masa dariya, ya samu abu ɗaya ya rungume. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Muka tarar da Yaya a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta cire ɗankwali, tana tsintar shinkafa a faranti tana 'yar waƙarta. Rabon da in ji ta tana waƙa tun ina yaro. Da ta gan mu da rana tsaka, ta ga makulli a hannuna, waƙar ta tsaya. Ba ta tambayi abin da ya faru ba.

Santsi ya sake rigata ya taka zuwa inda yake jin motsinta. Ya tsaya a kanta, ya kira ta da wata murya da ban san yana da ita ba. Ya ce an gaya masa komai. Ya ce bai yi fushi ba. Ya ce ya rufe shagon ke nan, zai zauna a gida tare da ita, su ƙarasa abin da ya rage musu, kuma ya gode da ta yi duk wannan saboda shi.

Yaya ta ɗaga kai ta dube shi. Sannan ta ɗaga murya yadda zai ji sosai.

“Maigida, ba saboda kai na yi ba. Na yi ne don ka riƙa fita da safe, kada in sake ganinka sai yamma.”

Ya tsaya a wurin, bakinsa a buɗe. Na jira ya yi zagi, wallahi har addu'a na yi ya zage ta, ko ni ya zage ni, amma babu abin da ya fito. Ita kuwa ta mayar da kanta kan farantin, ta tsinci tsakuwa ɗaya ta yar, ta ce masa ya matsa gefe ya tare mata haske.